Masu Tara 'Yan Motoci Da Makomar Motar Kara A Ƙasar Katsina

Kwanakin baya na kai wa wani abokin aikina ziyara a gidansa da ke Dutsin-Ma, domin yi masa barka da dawowa daga ƙaro ilimi a Ingila. Bayan mun gaisa, mun taɓa irin hirar da malaman jami'a suka saba, wato ta albashi da yajin aiki, sai idona ya kai kan wani kabad na gilashi a kusurwar falonsa. A irin wannan kabad ne matanmu kan jera tangaran da kwanukan kayan ɗaki. Amma nasa 'yan ƙananan motoci ne a jere reras, sun kai hamsin, wasu ma ba a fitar da su daga cikin kwalinsu ba. Na ce masa, "Malam, ashe yaran gidan nan sun samu gata." Sai ya yi dariya, ya ce ai yaran ko inda mabuɗin yake ba su sani ba, kayansa ne. Ya ƙara da cewa a can ya koyi ɗabi'ar, kuma har yanzu duk shekara yakan bi jerin sababbin da kamfanoni za su fitar, ya aika wa wani tsohon maƙwabcinsa kuɗi ya saya masa biyu ko uku.

Ko shakka babu, da farko na ɗauki abin a matsayin ɗaya daga cikin cututtukan da 'yan boko kan kwaso daga Turai. Ina cikin wannan tunani sai ya buɗe kabad ɗin, ya ɗauko wata farar Fijo 504 ya ɗora mini a tafin hannu. Tsawonta bai fi na ɗan yatsa da rabi ba, amma komai nata ya fito: fitilun gaban nan masu kama da idon mage, da tambarin zaki, da gangaren bayanta, har da sitiyari da kujeru. Na juya ƙarƙashinta, sai na ga sunan kamfanin Norev na Faransa, da lamba 1:43. Nan take jikina ya yi sanyi. Wannan mota ce da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa kanta ta daina ƙera ta. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce motar kai amarya, kuma doguwarta ce ta yi ta jigilar fasinja daga Katsina ta bi ta Kurfi zuwa Dutsin-Ma a lokacin da muke yara. Ga shi yau idan ɗana yana son ganin surarta a ƙanƙance, sai an yo masa aike daga Turai.

Kafin in yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa Hausa ba ta riga ta tsayar da suna ga wannan abu ba. Duk ƙaramar mota a wurinmu "motar wasa" ce, alhali kuwa akwai bambanci. Motar wasa an yi ta ne don yaro ya tura. Ita kuwa wannan an yi ta ne bisa awo, ta yadda kowane sashe nata zai zama daidai da na babbar, illa dai an rage shi. Don haka zan kira ta "motar awo" a cikin wannan rubutu. Lambar 1:43 na nufin an raba tsawon babbar motar gida 43 an ɗauki kashi ɗaya. Fijo 504 tana da tsawon kusan mita huɗu da rabi, saboda haka motar awonta ta 1:43 takan kai santimita 10 da ɗoriya. Idan ta 1:18 ce takan kai santimita 25, ta 1:64 kuwa santimita 7 kacal. Yawancinsu da narkakken ƙarfe ake zuba su a cikin mazubi, kwatankwacin yadda masu zubin tukwane suke yi a kasuwanninmu, sai dai nasu injin ne ke tura ƙarfen da ƙarfi domin kowane zane ya fito.

Sana'ar ta daɗe. A 1934 kamfanin Meccano na birnin Libaful ya fara sayar da 'yan motocin Dinky. A 1953 kamfanin Lesney na Landan ya fito da Matchbox, wanda sunansa ke nufin kwalin ashana. Asalin sunan shi ne, wani injiniyan kamfanin mai suna Jack Odell ya ƙera wa 'yarsa ɗan ƙaramin injin daɓe titi, saboda makarantarsu ba ta yarda yaro ya zo da abin wasan da ya fi ƙarfin kwalin ashana ba. Corgi ta biyo baya a 1956, sannan a 1968 kamfanin Mattel na Amurka ya shigo da Hot Wheels da motoci 16, Japan kuma ta fito da Tomica a 1970. Yaran da suka yi wasa da waɗannan motoci su ne suka girma, suka samu abin hannu, suka koma neman abin da suka sani a ƙuruciya. Daga nan kamfanoni suka gane cewa akwai kasuwar manya.

Yadda kasuwar take tafiya abin lura ne. A farkon kowace shekara kamfanoni kan baje sababbin samfuransu a bikin baje kolin kayan wasa na Nurembag da ke Jamus, wanda ake yi tun 1950. Ba a zuba motocin shekara a kasuwa gaba ɗaya, sai dai kashi-kashi, domin mai tarawa ya yi ta komawa kanti. Wasu ana ƙayyade adadinsu, a buga wa kowace lamba. Tun 1995 kamfanin Mattel yake cusa wasu 'yan kaɗan na musamman a cikin katan-katan na gama-gari, masu tarawa su yi ta farautarsu daga kanti zuwa kanti. Wadda ba a ɓare kwalinta ba ta fi daraja, shi ya sa abokina ya hana yaransa mabuɗi. Motar da aka sayar a kan kimanin dala ɗaya tana iya zama dukiya idan ta yi ƙaranci. Akwai wata 'yar bas ƙirar Volkswagen mai launin hoda da aka yi a 1969 a matsayin gwaji, ba a kai ta kasuwa ba, wadda masana harkar ke yi wa kuɗi sama da dala dubu ɗari.

Akwai wayon 'yan kasuwa a cikin wannan tsari, babu musu, akwai kuma almubazzaranci. Amma wani hanzari ba gudu ba. Sakamakon wannan ɗabi'a, da wuya a sami wata mota da ta taɓa hawa titin Landan ko Faris wadda ba a adana surarta ba: motar madara, da motar gidan waya, da motar kashe gobara, da tasi, kowace da launinta da rubutun da ke jikinta da shekararta. Masu tarawa sun rubuta kundaye, sun kafa ƙungiyoyi, sun yi musu a kan launin ƙofa da girman taya. Ba da niyya ba, sun zama masu tsaron tarihin zirga-zirgar ƙasashensu. Abin tambaya a nan shi ne, mu wa ya adana mana namu?

Amsar ita ce yara ne suka riƙa adana mana shi, mu ne dai ba mu lura ba. Duk wanda ya tashi a Kurfi ko Dutsin-Ma ko ƙauyukan da ke tsakaninsu a shekarun 1980 da 1990 ya san cewa kaka tana da amfani biyu: manya su kai dawa rumbu, yara su kwashi kara. Mukan zaɓi kara mai kauri wanda ya bushe sosai, mu feƙe ɓawonsa da reza, mu ware totuwar, wato farin cikin nan mai laushi. Totuwa ita ce katako, siraran ɓawon kuma su ne ƙusa, in ana son ƙarfi a haɗa da ƙayar aduwa. Taya kuwa daga sakaina ake fafe ta, ko a yanko ta daga tsohon silifas. Wanda ya ƙware sai ya wuce zuwa motar gwangwani da ta langa-langa, ya buɗe gwangwanin madara ya daddale shi, ya yanka tsohon tub na keke ya yi ɗauri, ya sa doguwar waya ta zama sitiyari, ta yadda yana tafe a tsaye yana karya kan motar dama da hagu.

Abin da ya kamata a jaddada shi ne, ba kowace irin mota muke yi ba, kwaikwayon wata takamaimiyar mota muke yi. Ranar Laraba, ranar kasuwar Dutsin-Ma, mukan tsaya a bakin tasha mu ƙare wa motoci kallo, har mu leƙa ƙarƙashinsu sai karen mota ya kore mu. Idan yaro ya ce roka ya yi, to dole a ga dogon hancinta da bodin katako da tsani a gefe. Idan a-kori-kura ce, dole a ga rumfar tamfol a baya. In ya yi kuskure, 'yan uwansa za su yi masa dariya su ce tayar baya ta yi kusa da ta gaba, ko kan ya fi jiki girma. Babu wanda ya taɓa gaya mana lamba 1:43, amma idonmu ya san awo, kuma alƙalanmu ba su da sassauci. Ashe abin da Bature yake yi da injin da takardar izini daga kamfanin mota, shi ɗan Kurfi yake yi da reza da kara.

Haka kuma muna da namu "sabon fitowa". Duk motar da ta baƙunci gari, kafin mako ya zagayo an yi ta. Yayyenmu sun ba mu labarin yadda tifa da katafila suka mamaye wasan yara a lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983. Ni kuma na shaida da idona, a lokacin zaɓen gwamna na 1991 da Alhaji Sa'idu Barda na NRC ya kara da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa na SDP, yadda motocin kara suka fito da lasifikar kwali a kai, wannan da zanen doki, waccan da zanen mikiya. Da a ce wani ya riƙa ɗaukar mota ɗaya duk shekara yana ajiyewa, da yau muna da tarihin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma na shekara hamsin a kan kanta guda. Amma motar kara ba ta ƙetare damina. Wadda gara ba ta ci ba, ta ƙare a murhu.

A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, abin da ya fi damuna shi ne kalmomin. Wurin ƙera motar kara makaranta ce ta koyon sunayen sassan mota, tun kafin yaro ya shiga aji. A nan muka fara jin birki da giya da sitiyari da salansa da lagireto da kafireto. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi darasi ce a kan yadda Hausa take narkar da baƙuwar kalma. Hausa ba ta son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon gaɓa, shi ya sa ta cusa wasali ta samar da birki da direba da tirela. Ba ta da sautin da Turawa ke rubutawa da harafin P, shi ya sa Peugeot ta koma Fijo. Ta fi son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa Mercedes ta zama Marsandi. Ba wani kwamiti ne ya zauna ya tsara waɗannan ba. Direbobi ne da makanikai da 'yan kamasho, yara kuma suka ɗauka suka yaɗa.

Wasu sunayen ma tarihi ne dunƙule. A-kori-kura, kamar yadda ake fassara shi, yana tuna mana lokacin da ƙaramar motar ɗaukar kaya ta zo ta ƙwace wa masu tura kura ciniki. Kiya-kiya daga Yarbanci muka aro ta, inda take nufin maza-maza, kuma ta nuna ta wace hanya ƙaramar bas ta iso mana. Karen mota suna ne da ya bayyana matsayin yaron a idon jama'a ba tare da ɓoye-ɓoye ba. A-daidaita-sahu kuwa ya samo asali ne daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano, ga shi yau ya zama sunan babur mai ƙafa uku a wurare da dama. Na gwada tambayar ɗalibaina a aji ko su wa suka san kiya-kiya, hannuwan da suka tashi ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Kalma takan mutu ne idan abin da take nufi ya ɓace daga ido. Ƙamus yana iya riƙe kalmar, kamar yadda na Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 suka riƙe mana dubbai, amma bayanin layi biyu ba zai nuna wa yaro surar roka ba. Abin da zai nuna masa ita shi ne ƙaramar roka a gabansa.

Yau motar kara tana ja da baya, kuma dalilan a bayyane suke. Na farko, motar roba ta ƙasar Sin ta cika kasuwa, ga araha ga ƙyalli. Na saya wa ƙaramin ɗana guda a Sallar da ta wuce, ba ta kwana uku ba tayarta ta fita, kuma bai yi yunƙurin gyarawa ba, sai ya zo ya ce a sayo wata. A zamaninmu, wanda ya ƙera shi ne makanikin motarsa. Na biyu, wayar hannu ta cinye lokacin da yaro kan zauna a gindin bishiya yana feƙe kara. Na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne matsalar tsaro da ta addabi wannan yanki a 'yan shekarun nan, ta sa iyaye da dama ba sa barin yara su yi nisa zuwa gonaki. Har yanzu akan ci karo da yaro a ƙauye yana jan motar gwangwani, amma gwanayen da ake zuwa kallon aikinsu daga wata unguwa sun yi ƙaranci, waɗanda suka iya kuma sun fara furfura.

Na san wani zai ce, ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, malami guda ya zauna yana yi mana zancen wasan yara. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma ba kira nake yi ga ma'aikata su riƙa kashe albashinsu wajen odar 'yan motoci daga Turai ba. Abin da nake cewa shi ne, yaron da ya kalli mota, ya auna ta da ido, ya zaɓi kayan aiki, ya gwada ya kasa ya sake gwadawa, ya riga ya yi rabin karatun injiniya. Muna alfahari da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, wanda kuma ya shugabanci hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. Ta ina muke sa ran irinsa za su fito, idan muka bar ɗabi'ar ƙira ta mutu a hannun yara? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wasu ƙasashen Afirka ba su raina nasu ba. A Malawi ana kiran motar waya galimoto, kuma sunan ya zagaya duniya. A Senegal da Madagaska motar gwangwani sana'a ce da ake sayar wa baƙi.

Saboda haka ina da shawarwari guda uku, kuma babu wadda take bukatar kasafin miliyoyi. Ta farko, Dutsin-Ma gari ne mai manyan makarantu biyu, wato Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Malaman Hausa da na fasaha a waɗannan makarantu suna iya tura ɗalibai su nemo tsofaffin gwanaye a Kurfi da Dutsin-Ma da kewaye, a roƙe su kowa ya ƙera motar da ya fi ƙwarewa a kanta, a ɗauki muryarsa yana faɗin sunan kowane sashe da kowane kayan aiki, a rubuta sunansa da garinsa da shekarun da motar ta yi tashe. Wannan kundin digiri ne cikakke, ya kuma fi maimaita nazarin da aka yi sau ɗari amfani.

Ta biyu, a sama wa abin da aka tara wurin zama. Gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina zai iya ware kabad guda, a shafa wa motocin maganin gara, a jera su bisa shekaru, kowace da sunanta na Hausa a ƙarƙashi. Kayan sarauta da na yaƙi tarihi ne, amma motar da talaka ya hau zuwa kasuwa ita ma tarihi ce. Ta uku, shugabannin makarantun firamare su shirya gasa sau ɗaya a shekara bayan an gama girbi, a ce wa yara su ƙera motar da ta fi sabunta a garinsu, a ba da kyautar littafi da alƙalami, a ajiye wadda ta zo ta ɗaya. Da haka mu ma za mu samu namu sabon fitowa na kowace shekara, kuma bayan shekara ashirin a ga abin da ya taru. Masu hali irin abokina, waɗanda suka riga suka san ƙa'idar tarawa da adanawa, su ne ya kamata su ja gaba, su kuma riƙa saye da daraja domin mai ƙira ya san aikinsa yana da kima.

Kafin in bar gidan abokin nawa na gaya masa wannan tunani. Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani ƙanen mahaifinsa a Kurfi, yanzu tela ne, wanda a zamaninsa babu yaron da ya kai shi iya roka. Makonni biyu bayan nan ya kira ni ya ce tsohon ya yi ta dariya, ya ce sai yanzu da gemu ya yi fari za a mayar da shi wasan kara, amma dai ya yi alkawarin in kaka ta yi zai yi masa guda. Abokina ya ce ya riga ya matsar da Fijo gefe, ya share mata wuri a cikin kabad. Allah Ya kai mu kakar lafiya, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.